Na Auna Garin Kawuna da Tsanin Baƙi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan fili naku, ina taɓe baki ga labaran mutane, ina cewa wautarsu ce ta ja musu. To, yau layi ya zo kaina. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, wanda ya tsinci kansa a ciki ya yi haƙuri.

Lokacin da abin ya faru ina budurwa 'yar shekara ashirin da 'yan kai, haifaffiyar cikin garin Ƙanƙara, na gama difloma ina zaune gida babu aiki. Karatun nawa bai taka kara ya karya ba, amma hancina ya fi na mai digiri uku tashi. Babban aikina a lokacin shi ne in kwanta da waya ina bin jerin nan da ake fitarwa na ƙasashen duniya: wace ƙasa ce mutanenta suka fi jin daɗin rayuwa, wace ce suka fi tsawon rai, wace ce ta fi ilimi. Kullum ƙasashen ƙanƙara ne a sama, mu kuwa sai yatsanka ya gaji da ja kafin ka iske mu can ƙasa. Nakan ce ni ma 'yar Ƙanƙara ce, sai dai an yi kuskuren wadda aka haife ni a cikinta. Ina karanta wa Inna jerin tana tankaɗe, in bi ta da tsaki, in ce dubi inda muke, sai ta ce ita dai babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ta. Ni kuma sai in yi mata kallon wadda ba ta san duniya ba. Uwar da ta haife ni ke nan, balle a zo ga mutanen ƙauye, waɗanda nake wa kallon hadarin kaji.

Ana nan sai wata ƙungiya ta zo neman 'yan mata masu ɗan karatu da za su iya shiga gidaje su yi wa mata da maza tambayoyi. Aka ɗauke ni, aka kai mu bita ta kwana biyar a wani otal. Oganmu wani ne daga cikin masu ganin in ba su jefa Turanci uku a jimla ɗaya ba maganar ba ta nuna ba, ga igiyar katin shaida a wuya ko masallaci ba ya cire ta. Ya ce wannan bincike ba namu ne mu kaɗai ba, tambayoyin nan su ake yi a ƙasashe da yawa, daga amsoshin ne ake gwada rayuwar wannan ƙasa da ta waccan. Jin haka sai kaina ya ƙara girma, ashe jerin da nake karantawa da hannuna za a rubuta shi. Aka ba kowa riga mai tambari da na'ura mai faɗi kamar allo. Tambayar da ogan ya fi ji da ita ita ce ta tsani: a ce wa mutum ya ɗauka ga tsani mai hawa goma, hawan sama shi ne rayuwar da ta fi kowace daɗi, na ƙasa shi ne wadda ta fi kowace wuya, shi a hawa na nawa yake tsaye? A ranar ƙarshe kuma ya faɗa mana, a fili ba a ɓoye ba, cewa masu ɗaukar nauyin aikin za su gina ƙaramin asibitin haihuwa guda ɗaya, da ma'aikaciya a ciki, a garin da amsoshi suka nuna ya fi buƙata tsakanin ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da za mu shiga. Na ji shi da kunnena. Ba zan yi ƙaryar ban ji ba. Na dai ce a raina alkawarin masu riga mai tambari ne, an sha yi.

Cikin waɗanda aka ɗauka akwai wata baiwar Allah 'yar Sabuwa, bazawara mai 'ya'ya, malamar Islamiyya, wadda ta girme mu duka. Da yatsa ɗaya take latsa na'ura, tana kawo ta kusa da ido kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Mu 'yan mata muka sa mata ido, ni ce shugabar masu dariya. Nakan ce wace irin duniya ce za a auna da wannan, wadda ko kunna na'urar sai an taya ta.

Da aka zo rabon garuruwa sai aka ba ni wani ƙauye da ke gaba da Tafoki, wai tunda ina da dangi a can za a fi sakin jiki da ni. Garin su Inna ne, can aka haife ta, kuma yayanta, wato Kawuna, shi ne dattijon da ake jin maganarsa a garin. Rabona da wurin tun ina sakandare, don kullum sai in sami dalilin ƙin bin Inna. Hanya ce ta babur, ga rafi a tsakani wanda in damina ta zauna sai a kwana biyu ba a haye ba. Da muka isa na tarar labarin asibitin ya riga ni zuwa. Kawu ya fito har bakin hanya, ya sa aka yanka zabi, aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Ya tara mutane ya ce masu su kwantar da hankalinsu, wagga ɗiyarsu ce ba baƙuwa ba, jininsu ce, ta san ciki da wajen garin nan, ba sai sun tona wa kansu asiri ba. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mashi, to ga mai ɗaki Allah ya kawo. Ni kuwa ina zaune ina kare gefen rigata daga ƙasa, ina lissafin yadda zan gama gidajen da aka yanka mini na ranar in bar wurin kafin la'asar, don hanyar ba ta yamma ba ce, kuma ogan ya ce wadda ta fi sauri ita za a riƙe a aikin dindindin.

Da Kawu na fara. Na karanta masa tambayar tsani kamar yadda aka koya mana. Ya shafa gemu, ya tambaye ni wa ke riƙe da tsanin. Na ce ba kowa, misali ne kawai. Ya ce to mi ke bisa, na ce jin daɗi. Sai ya yi murmushi ya ce wanda ya ce shina hawan ƙasa ya yi wa Allah butulci, wanda ya ce shina hawan bisa ya yi ƙarya kuma ya kira wa kansa baki, shi dai Alhamdulillahi. Na ce Kawu lamba nake so. Ya ce ai ya ba ni. Wata tsohuwa a gida na gaba ta ce ita tsani ɗaya ta sani, na hawa rumbu, kuma mata ba su hawa, in je in tambayi mai gidan. Wani ya ce in sa mashi duk inda na sa Kawu, don ba zai hau bisa dattijo ba. Gida biyar na shiga, amsa ɗaya: Alhamdulillahi, sai godiya, mun gode Allah. Ita kuwa na'urar ba ta san godiya ba, in ba ka danna lamba ba ba za ta buɗe tambaya ta gaba ba. Rana ta take, zufa ta jiƙa rigar tambarin, raina ya gama ɓaci. Na ce a zuciyata mutanen nan da ba su da ruwan kirki, ba su da asibiti, ba su da hanya, amma baki ya ƙi faɗa, to tunda kun gode sai ku zauna da godiyarku. Daga nan duk wanda ya ce Alhamdulillahi sai in danna masa tara. Wanda ya haɗa da murmushi in ba shi goma.

A nan ne laifina yake, kuma ina so a fahimce shi da kyau. Da Baturiya ce ta yi haka da sai a ce rashin sani. Ni Bahaushiya ce, da wannan harshen aka yaye ni. Na san in an tambayi mara lafiya ya jiki zai ce da sauƙi ko da ana shirin juya shi gabas. Na san in an ce wa magidanci ya gida zai ce lafiya lau ko da tukunya ta kwana biyu a kife. Na san ba komi ita ce kalmar da ake faɗa lokacin da komi ya lalace. Na san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mutanenmu sun gwammace yunwa ta kashe su da su faɗa wa ɗiyar ƙanwarsu cewa rumbu ya ƙare. Duk na sani. Amma da sauƙi na rubuta ta an warke, lafiya lau na rubuta ta babu yunwa, ba komi na rubuta ta babu matsala. Sai kuma na gano wata dabara da ta fi duka muni. A sashen mata akwai tambayar 'ya'ya nawa suka rasu. In ka danna ɗaya, sai na'urar ta buɗe wani dogon shafi: ina aka haife shi, wa ya karɓi haihuwar, kwana nawa ya yi, nisan asibiti nawa ne, a kan me aka tafi. In biyu ne shafi biyu. In kuwa ka danna sifili, sai ta tsallake duka ta kai ka ƙarshe. Matan garin kuma ba mai buɗe baki ta ƙirga 'ya'yanta, balle waɗanda suka koma. Sai su nuna na tsakar gida su ce ga abin da Allah ya bari. Ni kuma in danna sifili in miƙe.

Rana ta biyu na shiga ɗakin ɗiyar Kawu, taubashiyata, wadda muke kusan sa'a. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Tana ganina ta fara, wai ga matar gwamna ta zo da allon Nasara, a kawo kujera kada ƙasar ƙauye ta ci mata ƙafa. Na ce ai gara ni, ita da ta tsufa tun ba ta kai talatin ba. Muka yi dariya, ta dama mini fura, ta matso ta zauna gab da ni muna kallon na'urar tare. Ga yara biyu mata suna wasa a ƙofa. Na san haihuwarta biyar. Na san uku duk a wurin haihuwa suka tafi, ɗaya ma a bakin rafin nan aka haife shi ana jiran ruwa ya janye, don Inna ta je gaisuwa ta dawo tana kuka ta ba ni labari ina danna waya. Da na zo tambayar, na karanta ta da sauri kamar mai karanta lambar mota. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta, ta ce ai na sani, mi za ta faɗa mani wanda ban sani ba. Na dubi agogo. Shafi uku ne za su buɗe, ga sauran gidaje shida, ga mai babur yana jira. Na danna sifili. Na tambaye ta tsani, ta ce in sa ta inda na ga dama tunda ni ce mai ilimi. Na ce to na sa ki tara, kin fi matan Turai, muka sake yin dariya. Da zan fita ta raka ni har zaure, ta riƙe hannuna ta ce in yi masu ƙoƙari kan maganar asibitin nan, ita dai tsoron haihuwa take ji yanzu. Na ce kada ta damu.

Kwana uku na gama garin. Malamar nan ta Sabuwa kuwa sati biyu ta yi a nata, har ogan yana yi mata faɗa a gaban mutane. Wata rana a mota na tambaye ta cikin izgili ko kwana take yi a kowane gida. Ba ta ji haushi ba. Ta ce ita ba ta tambayar mace 'ya'ya nawa suka mutu, don ba a yi wa uwa wannan tambaya. Sai ta zauna, ta taya ta sussuka ko tsinkar zogale, hira ta yi nisa, sannan ta tambaye ta wankan jego nawa ta yi, tunda mace tana wankan jego ko ɗan ya zauna ko ya koma. In ta ce bakwai, ga yara huɗu a tsakar gida, to lissafi ya fito ba tare da an sa uwa ta ambaci mutuwa ba. Yunwa kuma ba ta tambayar ko kuna jin yunwa, sai ta ce a wane wata aka share rumbu bara. Tsanin ma ba ta kawo shi sai ta gama jin duk wannan, sannan ta ce to tsakani da Allah, ban da godiya da ta zama dole, a nuna mata da yatsa. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce wannan ai ba bincike ba ne, zaman gulma ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni ce shaida.

Bayan wata uku aka kira mu taron rufe aiki, a otal ɗin nan dai. Aka haska zane a bango, kowane gari da sandarsa. Sandar garin Kawu ta fi kowace tsawo. Ogan ya kira ni gaba ya ce a tafa mini, ni ce na fi kowa sauri da tsabtar aiki. Ya ce abin mamaki ne, ga ƙauye babu wuta babu hanya amma mutanensa sun fi na wasu manyan ƙasashe gamsuwa da rayuwa, kuma kusan ba a rasa jarirai a can. Wata baƙuwa da ke magana da mu ta allon bango daga ƙasarsu ta dafe ƙirji, aka fassara mana cewa wai abin ya taɓa zuciyarta, duniya na da abin koyo daga waɗannan mutane masu wadatar zuci, tana fatan wata rana ta zo ta ga sirrinsu. Sirrinsu! Yatsana ne sirrinsu. Ɗaki cike da masu digiri, babu wanda ya ce tsaya, ta yaya garin da mace ke haihuwa a bakin rafi zai zama ba a rasa jarirai? Ba su tambaya ba don labarin ya yi musu daɗi, talaka mai murmushi ai abin so ne ga mai ƙoshi. Daga nan aka sanar cewa asibitin ya tafi garin da malamar Sabuwa ta yi aiki. Ba na jayayya, su ma suna da buƙata, kuma an rubuta tasu yadda take. Amma na san garin Kawu, na san abin da na binne. Ina tsaye a gaba, abin magana a hannuna, da na buɗe baki a lokacin wataƙila da an sake dubawa. Na ce na gode, na koma na zauna.

Sai bayan sati biyu, da abin ya hana ni sakat, na sami ogan a ofis na ce ina ganin akwai 'yan kurakurai a aikina. Ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ya ce an riga an aika, an rufe, an haɗa da na sauran ƙasashe, kuma in na ce aikina ƙarya ne to nasa ma ya zama ƙarya, shin ina so in jawo wa kowa ne? Ya ce in manta, ƙauye ɗaya ba ya canza matsayin ƙasa. Gaskiyarsa, bai canza matsayin ƙasa ba. Aikin dindindin ɗin ma da na sayar da mutanena dominsa ba a ba kowa ba, ƙungiyar ta naɗe tabarmarta ta tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu. Da labari ya kai masa, ya hau babur ya zo har Ƙanƙara da buhun masara, wai na ɗiyarsa ne da ta sha rana dominsu. Ya ce wa Inna kada in sa damuwa, ya san na yi iyakar ƙoƙarina, rabo ne bai tsaga ba, wataƙila waɗancan sun fi su buƙata. Ya sa mini albarka har ya gaji. Ina durƙushe ina cewa amin. Na ci tuwon masarar nan kuwa, ban ƙi ba.

Damina ta biyu bayan wannan, taubashiyata ta tashi da naƙuda da hantsi. Ungozoma ta yi abin da ta iya har azahar, ɗa ya zo a gicciye. Aka ɗora ta a babur, mijinta a gaba, wata mace a baya tana tallafe da ita, suka tarar rafi ya kawo. Sai da maza suka ɗauke ta a kan ƙyauren ƙofa suka haye da ita, ruwa iya ƙirji, aka nemi wani babur a ƙetare zuwa Faskari. Ita ta rayu da ƙyar. Yaron namiji ne, an fito da shi babu rai. Ban ce da asibitin yana garin dole ya rayu ba, rai na Allah ne. Amma filin da Kawu ya ware tun farko don ginin, wanda har yau ba a shuka komai a cikinsa ba, tsakaninsa da ɗakinta bai fi a kira mutum ya amsa ba.

Na bi Inna gaisuwa bayan an sallamo ta. Ta rame ta yi fari, tana kwance a kan gado, babu matar gwamna, babu tsokana. Na yi mata sannu, na zauna a bakin gadon ina neman abin faɗa. Da mata suka fita aka bar mu mu biyu, sai ta yi magana tana kallon rufin ɗaki, murya ƙasa ƙasa, ba faɗa ba kuka. Ta ce ita ba ta yi boko mai nisa ba, aji uku aka cire ta, amma ta san ƙwai in ta gan shi, don shi malam ya fi zana mata a littafi. Ta ce, "Ran nan ina kallo kika zana ƙwai a gurbin ɗiyana ukku. Na yi shiru, na ce ke ce mai ilimi, wataƙila haka ake rubuta su can. To wanga na huɗun, in an sake aiko ki, shi ma ƙwai za ki sa mashi?" Ta juya fuska bango. Ba ta faɗa wa Kawu ba, ba ta faɗa wa mijinta ba, har yau ni da ita ne kaɗai muka sani, sai ku da nake faɗa wa yanzu.

Tun daga ranar na daina karanta jerin ƙasashen nan, in ma na ci karo da shi sai in ji kamar in tofar. In sun sa mu a ƙasa ba na yarda, in sun ce mu ne masu farin ciki duk da talauci nan ma ba na yarda, don na san irin hannun da ke danna lambar. Wani ya zauna a ƙasarsu, inda mutum ke faɗin damuwarsa ga duk wanda ya tambaya, ya sassaƙa tsani daidai ƙafarsa, ya aiko a auna mutanen da a wurinsu kuka da hali abin kunya ne, sannan a jera mu da su a takarda ɗaya a ce an gwada. Mudun wata kasuwa ne aka zo da shi tamu. Amma ban isa in ɗora wa baƙi laifin duka ba. Su ba su san mu ba. Malamar da na raina, da tsanin nan dai da na'urar nan dai ta fito da gaskiyar mutanenta, don ta ɗauke su mutane. Ni da na ɗauke su ƙauyawa na mayar da kunyarsu makamin da na yanka su da shi. Abin raini a labarin nan ba tsohuwar da ta ce mata ba su hawa tsani ba ce. Mai difloma ce da rigar tambari.

Don haka ina kira ga 'yan uwana matasa da ake ɗauka irin wannan aiki, ko ƙidaya ce, ko rajistar masu gudun hijira, ko binciken lafiya. Abin da kake dannawa don ka huta da rana, wani wuri ana yanke hukunci da shi a kan mutanen da ba za su taɓa ganin takardar ba. In dattijo ya ce maka sai godiya, zauna, ba a gama magana ba, yanzu aka fara. In mace ta ce ai ka sani, to nauyi ta ɗora maka, ba izinin tsallakewa ta ba ka ba. In ba za ka iya zaman ba, mayar musu da rigarsu, zaman gida ya fi abin da nake ɗauke da shi.

Yanzu na yi aure a nan Ƙanƙara, gidana ba nisa da asibiti. Taubashiyata tana da wani cikin, ya shiga wata na bakwai. Na share ɗaki, na sa katifa, na aika mata da Inna cewa don Allah ta zo ta zauna wurina har ta sauka lafiya. Ta aiko a ce mini ta gode. Ni kuwa Bahaushiya ce, na san abin da na gode take nufi in an faɗe ta haka. Ɗakin yana nan a share, ita ba ta zo ba, jiya kuma aka yi ruwan farko.